Karatun Fitila da Karatun Zaure

Mu a unguwa da fitila muke auna karatun yaro. Idan aka ga ɗakin samari da haske har ƙarfe uku na dare, gari na wayewa labari ya zaga cewa ɗan gidan su wane ya duƙufa, Allah ya ba da sa'a. Iyaye mata su ce a rage masa aike, a ajiye masa ɗumame, a kora ƙannensa waje kada su cika masa kunne. Idan budurwa ce ta dawo hutu daga Zariya ko Sakkwato da jaka cike da takardu, a ɗauke mata wanke-wanke da surfe, ana cewa ku bar ta, karatun likita ba wasa ba ne. Wannan hali ne mai kyau, kuma ba na fatan mu rabu da shi. Muna ganin girman mai karatu. Tambaya ɗaya ce dai ba mu cika yi ba: a cikin awa biyar ɗin nan da fitila ke ci, me ya shiga kai, me kuma ya zauna?

Sai sakamako ya fito, a ga kwas biyu sun dawo wa yaro, a majalisa a shiga rabon laifi. Kawu ya ce malaman jami'a ba su da tausayi. Goggo ta ce baki ne ya kama shi, a nemo masa rubutu. Wani ya kawo zancen yajin aiki, kuma da gaskiyarsa, don na 2022 kaɗai wata takwas ya cinye wa yara. Wani ya ce ajin da ɗaruruwan mutane ke ciki, lasifika ba ta aiki, me na baya zai ji? Duk ana faɗa, kuma akwai gaskiya a ciki. Abin da ba ma faɗa shi ne, tun daga firamare har yaron nan ya shiga jami'a, ba a taɓa zaunar da shi an nuna masa yadda ake karanta littafin ilimi da Turanci ba. An koya masa haɗa baƙi, an koya masa dabarun WAEC da JAMB, daga nan aka miƙa masa ƙaton littafi aka ce Allah ya taimaka.

Ku dubi yadda muke yi. Saura mako biyu jarrabawa, a yi layi wurin mai fotokwafi a ciro takardun da malami ya raba, waɗanda muke kira handawut. A sayi biro mai launi, a fara daga layin farko a yi ta ja, har shafi ya koma ruwan ɗorawa daga sama har ƙasa. Da dare a tafi aji da goro ko Nescafe, wasu har da bokitin ruwan sanyi na tsoma ƙafa don kada barci ya sace su. A yi ta maimaita jimla har ta zauna a baka. Da safe a shiga a juye wa malami kayansa a fito. Bayan mako biyu ka tambayi ɗalibin abin da ya rubuta, ya ce maka, wallahi Yaya, ya tafi. Idan tambaya ta ce kawo ma'anar kaza, ko lissafo kaza guda biyar, wannan dabara takan fid da mutum. Ranar da malami ya ce a tattauna, ko a kwatanta ra'ayin wane da na wane, ko ya kawo matsalar da ba ta cikin handawut ya ce a warware, ranar ne ɗakin jarrabawa ke yin tsit. Babban tonon asirin kuwa sai shekarar ƙarshe, lokacin rubuta firojet, inda babi na biyu ke neman ka karanta ayyukan masana da dama ka faɗi inda suka haɗu da inda suka rabu. A nan yara da yawa ke kwaso sakin layi daga intanet su jera, su kai wa malamin da ke duba aikin, ya dawo musu da shi jajir da jan biro, su fito suna cewa ya sa musu ido.

Ba rashin kai ba ne. Yaron da ya haddace izu sittin, ko yarinyar da ke riƙe lissafin adashen mahaifiyarta da ka, ba za a ce musu daƙiƙai ba. Matsalar ta harshe ce, kuma an daɗe da gano ta. Jim Cummins, masanin koyon harshe a Kanada, tun 1979 ya raba Turancin hira da Turancin ilimi. Na hira, wanda ake musun ƙwallo da kallon fim da shi, yaro kan kama shi cikin kamar shekara biyu idan yana zaune cikin masu yin sa. Na littafi kuwa, a binciken da ya yi kan 'ya'yan baƙi a makarantun Kanada, yakan ɗauki shekara biyar zuwa bakwai. Waɗannan fa yara ne da Turanci ya kewaye su ta ko'ina. Namu da Hausa suke kwana suke tashi, a gida, a kasuwa, a masallaci, har a bakin ajin. Shi ya sa muke ruɗewa. Mu ji yaro yana zuba Turanci a waya da abokinsa na Legas, mu ce ai wannan ya gama, alhali littafin tattalin arziki na gabansa da wani Turancin daban yake magana.

Paul Nation na Jami'ar Victoria da ke Wellington a Niyu Zilan, shi da abokan aikinsa, sun auna cewa kafin mutum ya fahimci rubutu shi kaɗai ba tare da taimako ba, yana bukatar ya san kalma 98 cikin kowace 100. A shafi mai kalma 400, takwas ke nan baƙi. Wanda ya san 90 cikin 100, kuma mu a nan sai mu ce ai ya yi ƙoƙari, kalma 40 ce ke tare masa hanya a kowane shafi. Ta ina ma'ana za ta wuce? Dole ya koma hadda, don ita kaɗai ta rage masa. Amma ga wani abin farin ciki. A jami'ar nan dai, Averil Coxhead ta fitar da jeri a shekarar 2000 na kalmomi 570, kowace da danginta, waɗanda ke yawan fitowa a rubutun ilimi ko wane fanni ne, lauya ko injiniya ko malanta. Su kaɗai suna ɗaukar kusan kashi 10 cikin 100 na kalmomin irin wannan rubutu. Irin su analyse da assume da derive da concept. Jerin yana intanet kyauta. Mai ɗaukar goma kullum, yana duba su a cikin jimla, bai kai wata biyu ba ya zagaye su. Dogon hutu guda ke nan, wanda yaranmu ke ƙararwa a teburin mai shayi.

Iyayenmu da suka yi makaranta a da har yanzu suna tuna ƙamusun Michael West, wanda ke bayyana Turanci da sauƙaƙan Turanci. Yau akwai Oxford Advanced Learner's Dictionary, wanda A. S. Hornby ya fara fitarwa a 1948 musamman don masu koyo, kuma yana shiga waya. Sai dai ƙamus ma akwai iya riƙe shi. Wasunmu duk kalmar da suka ci karo da ita sai sun tsaya sun buɗa, kafin su kai ƙarshen sakin layi sun manta farkonsa. A yi mata ɗigo a wuce. Idan ta sake fitowa, ko aka ga jimlar ba ta tafiya sai da ita, sannan a koma.

Abin da ke ƙarfafa mini gwiwa shi ne, mu ba baƙi ba ne wajen karanta littafi mai wuya a harshen da ba namu ba. Ɗaruruwan shekaru muna yi da Larabci, kuma har gobe ana yi a zaurukan Kano da Zariya da Katsina da Damagaram. Ɗalibi ya ɗauki Ahalari, ya sauke ya shiga Ishmawi, ya wuce Iziyya da Risala, mai nisan zango ya kai Muhtasar. Kafin ya je gaban Malam ya yi muɗala'a a gida, ya san daidai inda ya tsaya masa. A zaure ya ja baƙi, Malam ya fassara gaɓa-gaɓa, ba a wuce layi sai an san wa ya yi, wa aka yi wa, wannan lamirin ina ya koma. Ba a ƙari mai yawa, 'yan layuka ne, amma an tatse su. Gefen littafin cike yake da ƙananan rubutu, wani da Larabci wani da ajami, abin da mai littafin ya ji daga bakin Malam ko ya gano a sharhi. In an tashi, manyan ɗalibai su yi wa ƙanana bita a ƙofar gida. Littafin da aka sauke ma akan je a sake shi wurin wani malamin, don kowa da inda ya fi gani. A tsangaya kuwa ga tishi, ba a barin karatun baya ya kwana da yawa ba a waiwaye shi ba. Ga satu, inda gardi zai wanke allo ya rubuta da ka, ba ya duba komai, Alaramma ya bi ya gyara.

Saurayin da ke yin wannan bayan asuba, shi ne zai yi wanka ya hau adaidaita ya tafi jami'a, ya bar duk wannan tarbiyya a zaure. Ba muɗala'a kafin lakca, ba rubutu a gefen takarda, ba bita, ba tishi sai jarrabawa ta ƙarato. Hadda kaɗai ya tafi da ita, ita ma ba tare da fassarar da ke raka ta ba. Ina jin tun a firamare aka dasa mana wannan, lokacin da ake cin tarar mai yin Hausa a aji, har muka ɗauka boko wata duniya ce da kayan gida ba sa shiga.

Masu bincike a Amurka kuwa da suka gwada, abin zaure suka tabbatar. A 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke na Jami'ar Washington da ke St. Louis suka ba ɗalibai rubutu. Wasu suka yi ta maimaita karantawa, wasu suka rufe takarda suka rubuta abin da suka tuna. Da aka gwada su bayan minti biyar, masu maimaitawa ne a gaba. Da aka gwada bayan mako guda, masu rufe takarda suka wuce su. A 2013 John Dunlosky da abokansa suka tace dabarun karatu goma. Ja da biro mai launi da sake karantawa suka faɗo cikin masu ƙarancin amfani. Biyun da suka zo sama su ne gwada kai da rarraba karatu a kan kwanaki, wato satu da tishi. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. In kana kallon shafi, ido ya saba da shi, sai zuciya ta ce maka ka sani. Sai ka rufe ka nemi abin a kanka za ka san ko yana nan, kuma wannan neman shi ke kafa shi.

To, amma kada mu ce zaure ya ba mu komai. A zaure littafi ɗaya ake bi daga bango zuwa bango, shekara ko fiye. A jami'a kwas takwas ko tara ne a zango guda, kowane da littattafansa, ba mai iya bin su haka. Nan akwai sabon hali da za mu koya, kuma matanmu sun riga mu sanin sa a Kantin Kwari: ba a sayen atamfa a shagon farko, sai an zaga an ga kaya an ji farashi, sannan a dawo inda za a zauna a yi ciniki. Haka ake yi wa babi. A duba take da ƙananan kanun da ke ciki, a kalli jadawali da zane, a karanta sakin layi na farko da na ƙarshe, a duba tambayoyin da ke ƙarshen babin in akwai. Minti goma ya isa. Daga nan a mayar da kowane kai tambaya, a shiga karatu ana neman amsa. In an gama sashe a rufe a faɗa da baki, bayan kwana biyu a waiwaya. Francis Robinson na Jami'ar Jihar Ohio ne ya tsara wannan a littafinsa na 1946, ake kiran tsarin SQ3R, kuma ɗalibai da yawa sun haddace sunan don jarrabawar aji ɗaya ba su taɓa gwada shi a kan littafin kansu ba.

Maƙalar mujallar ilimi ita ma tana da ƙofofinta. A kimiyya yawanci tsari ɗaya ne: taƙaitawa a sama, gabatarwa, hanyar da aka bi, abin da aka samu, sai tattaunawa. Mai firojet ba ya bukatar ya karanta kowace maƙala duka. Taƙaitawa za ta gaya masa ko ta shafe shi. In ta shafe shi, ya tsallaka ƙarshe ya ga abin da suka ce sun gano, sannan ya dawo kan hanyar da suka bi ya ga ko mutum nawa suka tambaya, a ina, yaushe. Ya rubuta layi uku da kalmominsa a littafin ajiya, da sunan marubuci da shekara. In ya tara irin wannan, babi na biyu ya kusa rubuta kansa, kuma ba satar aikin kowa.

Akwai kuma ƙananan kalmomin da muke tsallakewa don muna ganin ba su da nauyi, alhali su ne ke riƙe da akalar magana. Marubucin Turancin ilimi yakan shimfiɗa ra'ayin da bai yarda da shi ba, sakin layi guda cur, sannan ya ce however ya juya. Ɗalibin da ya ja biro a kan wancan sakin layin ya haddace, ya ɗauki kishiyar abin da marubucin ke nufi ya kai jarrabawa. Haka although, haka whereas. Sannan masana ba sa son yanke magana. Za su ce may, za su ce suggests, ma'ana abin yana yiwuwa, alamu sun nuna. Mu kuma mu kwafe mu ce bincike ya tabbatar. Duk wanda ya zauna gaban malamin fiƙihu ya san bambancin wajibi da mustahabbi, ya san in an ce an yi saɓani to magana ba ta rufu ba. Kunnen nan dai shi ake bukata.

Wani abin da ke riƙe mu shi ne kunya. An tarbiyyantar da mu kada mu musa wa babba, sai muka haɗa har da littafi, musamman in daga Ingila ko Amurka ya zo da bango mai sheƙi. Amma tambayar marubuci ina hujjarka ba rashin ladabi ba ne, kuma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Muhammadu Bello a Infaƙul Maisuri, wanda ya rubuta a 1812, ya kawo wasiƙun Shehu Laminu na Barno masu sukar jihadi, ya ajiye hujjojin mutumin a fili, sannan ya bi su yana amsawa. Abin da malamin jami'a ke nema ke nan in ya ce a tattauna. Littafin noma da aka rubuta kan ƙasar da ruwa ke sauka duk shekara, ɗan Gumel yana da damar ya tambaya ko maganar ta shafi gonar da damina ke yi wa wata huɗu. Wannan tambayar ita ce karatun.

Hausa kuma kada a ji kunyar sa ta aiki. Na fi yarda da ɗalibai huɗu da za su zauna gindin darbejiya, kowa ya karanta sashe da Turanci ya warware wa sauran da Hausa, a yi musu, a koma takarda a duba wa ya yi daidai, a kan mutum ɗaya da ya kwana yana maimaita abin da bai gane ba. Sharaɗin dai a rufe zaman da rubutu: kowa ya mayar da abin da aka fahimta Turanci da kalmominsa, don da Turanci za a tambaye shi.

Ana cewa yaran yanzu ba sa karatu, ni kuwa ban yarda ba. 'Yan matanmu suna cinye littattafan Hausa masu ɗaruruwan shafi a WhatsApp cikin kwana biyu. Juriyar tana nan, a juya kaɗan daga cikinta zuwa Turanci. Saurin karatu da yalwar kalmomi ba sa zuwa sai da yawan karanta abu mai daɗi da bai yi wuya ba. A fara da The Passport of Mallam Ilia na Cyprian Ekwensi, a je The Stillborn na Zaynab Alkali, a kai Season of Crimson Blossoms na Abubakar Adam Ibrahim, duk labaran ƙasarmu ne. Abin takaici, ko littafi ɗaya da JAMB ke sawa kowace shekara, yawanci taƙaitawarsa ake nema a waya. Yanzu ga manhajojin da ke taƙaita komai cikin daƙiƙa. Suna da amfani in ka karanta ka maƙale kana neman ƙarin bayani, amma wanda ya bar musu karatun gaba ɗaya ba zai san ranar da suka yi masa kuskure ba.

Malamanmu masu koyar da kwas ɗin Turanci na aji ɗaya, wanda Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa ta wajabta, mun san yawan ɗaliban da ke gabanku, Allah ya saka. Roƙonmu, ko sau biyu a zango, ku sa kowa ya zo da babi daga littafin fanninsa a karanta shi tare a aji, layi-layi, yadda Malam ke yi a zaure. Mu kuma na gida, Baba da Inna da Yaya, ba sai mun ji Turanci ba. In yaro ya dawo hutu, bayan an ci tuwo, a ce ya ɗauko shafi ɗaya cikin abin da yake karantawa, ya rufe, ya gaya mana da Hausa abin da ke ciki. In ya iya, a sa masa albarka. In ya kasa, kada a yi masa faɗa, a ba shi kwana biyu ya sake dubawa ya dawo, kuma cikin kuɗin komawa makaranta a ware na ƙamus.